Sirrin Lamba 46 da ke Jikin Buhun Yuriya: Darasi a kan Mol

Daga wata 'yar aji uku ta ƙaramar sakandare, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta

Darasin wannan karon ba a fara yi mana shi a ƙaramar sakandare ba, amma yana nan yana jiranmu a aji ɗaya na babbar sakandare, cikin kemistiri. Sunansa mol. Yayyenmu na ajin kimiyya sukan ce a nan ake raba gari da kemistiri. Wanda ya gane mol ya wuce, wanda bai gane shi ba zai yi ta fama har ranar WAEC da NECO. To, tun ran gini tun ran zane. Na ari littafin 'yan babbar sakandare na karanta, inda ya shige mini duhu na tambayi malaminmu na kimiyya, ga kuma abin da na tattaro muku.

Kada wani ya ce wannan karatun 'yan birni ne. A nan Aujara, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jahun, da wuya ka sami gidan da bai san buhun takin zamani ba. Duk wanda ya duba jikin buhun yuriya zai ga an rubuta 46% N, ko kuma 46-0-0. Kafin ka gama karanta wannan shafi, za ka iya fitar da wannan lamba da kanka, da biro da takarda kawai. Za ka kuma san ko taki mai araha ya fi riba ko bai fi ba.

Sunayen da ke nufin adadi

Mu Hausawa mun daɗe da sanin cewa akwai kalmomin da suke tsayawa a madadin lamba. Idan aka ce ƙwaryar goro, kowa ya san goro 100 ake nufi. Ƙwaryar doya ma doya 100 ce. Kiret na ƙwai 30 ne. Dozin 12 ne. Rim ɗin takardar da ake buga mana jarrabawa da ita falle 500 ne. A zamanin da kakanninmu ke ciniki da wuri, idan an ce keso ɗaya, wuri 20,000 ake nufi.

Ga abin lura a nan. Ƙwaryar goro da ƙwaryar doya adadinsu ɗaya ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Yaro ɗan firamare zai ɗauki ƙwaryar goro a leda ya kai gida. Ƙwaryar doya kuwa sai an nemo baro ko amalanke. Dalili shi ne doya guda ta fi goro guda nauyi nesa ba kusa ba.

Haka kuma in aka juya abin. Kilo ɗaya na riɗi da kilo ɗaya na wake nauyinsu ɗaya, amma ƙwayoyin riɗin sun ninka na waken sau da yawa, domin riɗi ƙanana ne. Ke nan nauyi daban, adadi daban. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin mol.

Matsalar masu kemistiri

Duk abin da muke gani, ruwa ne, gishiri ne, ƙarfe ne, iska ce, an gina shi da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, wato ƙwayar zarra. Idan atam biyu ko fiye suka haɗu suka zama ƙulli ɗaya, sai a kira ƙullin molekul. Misali, molekul ɗin ruwa atam uku ne: haidirojin biyu da oksijin ɗaya. Shi ya sa ake rubuta ruwa H₂O.

Sinadarai kuwa ba da kilo suke haɗuwa ba, da ƙirga suke haɗuwa. Kowane atam ɗaya na oksijin yana neman atam biyu na haidirojin, ba ƙari ba ragi. Saboda haka mai haɗa magani ko taki dole ya san adadin ƙwayoyin da ya zuba. Amma atam ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, balle a sa yatsa a ƙirga. To yaya za a yi?

Sai a yi dabarar mai sayar da ƙusa. Idan ƙusa guda tana da nauyin giram 5, aka ce masa ana son ƙusa 200, ba sai ya zauna yana ƙirgawa ba. Ya ɗora a sikeli, in ta kai giram 1,000, wato kilo ɗaya, ya san 200 ce. Ya ƙirga ta hanyar awo ke nan. Mol shi ne ke ba masu kemistiri damar yin irin wannan.

Mene ne mol?

Mol suna ne na adadi, kamar ƙwarya ko dozin. Bambancin kawai shi ne girman lambar. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. In an warware ta, ga yadda take:

602,000,000,000,000,000,000,000

Ana kiranta lambar Avogadro. Mol ɗaya na ruwa molekul 6.02 × 10²³ ne. Mol ɗaya na ƙarfe atam 6.02 × 10²³ ne.

Don mu ji girman lambar a jikinmu, mu yi wannan lissafi. A shekarar 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8. A ce dukansu, har da jarirai, za su zauna suna ƙirga ƙwaya ɗaya a kowane sakan, ba barci, ba cin abinci, ba hutun ƙarshen zango. Kowane mutum zai ƙirga kimanin 7.5 × 10¹³. Shekara ɗaya tana da sakan kimanin miliyan 31 da rabi. In ka raba, za ka ga sai sun yi fiye da shekara miliyan 2 kafin su gama ƙirga mol ɗaya tak.

Amma ka san nawa ne mol ɗaya na ruwa? Giram 18 ne kacal. Ya ɗan ɗara babban cokali ɗaya, kurɓi guda ka shanye shi. Wannan ya nuna mana irin ƙanƙantar molekul.

Su wa suka kawo wannan?

Amedeo Avogadro masani ne ɗan birnin Turin na ƙasar Italiya. An haife shi a 1776, ya rasu a 1856. A 1811 ya kawo ra'ayin cewa idan aka cika mazubi biyu masu girma ɗaya da iska iri biyu, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin molekul ɗin da ke cikinsu zai zama ɗaya. Abin mamaki, shi kansa bai taɓa sanin lambar da ake kira da sunansa ba. Wani masani Bafaranshe, Jean Perrin, shi ne ya ba da shawara a 1909 a sa mata sunan Avogadro don girmamawa. Perrin ya sami kyautar Nobel a 1926.

Kalmar mol kuwa wani masanin kemistiri na Jamus mai suna Wilhelm Ostwald ne ya gutsuro ta daga kalmar molekul a shekarun 1890. A 1971 aka shigar da mol cikin manyan ma'aunai bakwai na duniya, sahu ɗaya da mita da kilogiram da sakan. Daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka tsayar da lambar daidai a kan 6.02214076 × 10²³. Mu dai a makaranta 6.02 × 10²³ ta ishe mu. A wasu makarantun Amurka har bikin ranar mol ake yi duk 23 ga Oktoba, saboda 10 da 23 ɗin da ke cikin lambar.

Nauyin mol

Nauyin mol shi ne nauyin mol ɗaya na abu, a giram. Kamar ka ce nauyin ƙwarya ɗaya. Kowane sinadari da nasa, kuma ana samunsa a jadawalin sinadarai, wanda ke bayan littafin kemistiri. Ga waɗanda za mu yi aiki da su:

Haidirojin, H: 1
Kabon, C: 12
Naitirojin, N: 14
Oksijin, O: 16
Sodiyam, Na: 23
Salfa, S: 32
Kulorin, Cl: 35.5
Fotasiyam, K: 39
Kalsiyam, Ca: 40
Ƙarfe, Fe: 56

Waɗannan lambobi suna nuna yadda atam ɗin kowane sinadari yake da nauyi idan an gwada shi da na sauran. Atam ɗin kabon ya ninka na haidirojin sau 12, na oksijin ya ninka shi sau 16. Tun da haka ne, giram 1 na haidirojin da giram 12 na kabon da giram 16 na oksijin duk adadin atam ɗinsu ɗaya ne. Wannan adadin shi ne lambar Avogadro. Ke nan ba da ka aka zaɓo lambar ba. An zaɓe ta ne don lambar da ke cikin jadawali ta zama ita ce nauyin mol a giram.

Idan abu haɗaɗɗe ne, sai ka tara nauyin duk atam ɗin da ke cikinsa.

Ruwa, H₂O: haidirojin biyu, 2 × 1 = 2. Oksijin ɗaya, 16. Jimla 18.
Gishiri, NaCl: 23 + 35.5 = 58.5.
Sukarin shayi, C₁₂H₂₂O₁₁: kabon 12 × 12 = 144, haidirojin 22 × 1 = 22, oksijin 11 × 16 = 176. Jimla 342.

A takardar jarrabawa ana rubuta g/mol a gaban amsar, ma'ana giram a kowane mol. Ka ga a nan sukari ne doya, ruwa ne goro. Mol ɗaya na sukari ya wuce sulusin kilo, mol ɗaya na ruwa kurɓi guda.

Hanyoyi uku na juya lissafi

Hanya ta farko, daga giram zuwa mol: ka raba giram ɗin da nauyin mol.
Misali: mol nawa ne a cikin giram 90 na ruwa? 90 ÷ 18 = mol 5.

Hanya ta biyu, daga mol zuwa giram: ka ninka mol ɗin da nauyin mol.
Misali: giram nawa ne rabin mol na gishiri? 0.5 × 58.5 = giram 29.25.

Hanya ta uku, daga mol zuwa adadin ƙwayoyi: ka ninka mol ɗin da 6.02 × 10²³. In kuma adadin aka ba ka ana neman mol, sai ka raba da ita.
Misali: ledar fiya wata mai santilita 50 tana ɗauke da ruwa kimanin giram 500. Mu fara da hanya ta farko: 500 ÷ 18 = mol 27.8. Sai ta uku: 27.8 × 6.02 × 10²³ = molekul 1.67 × 10²⁵. Duk wannan a leda ɗaya da muke shanyewa a lokacin tara.

Ku lura, babu hanyar da ta tashi daga giram ta faɗa adadin ƙwayoyi kai tsaye. Dole a bi ta kan mol. Shi ne tashar da kowace mota ke tsayawa a sauya hanya.

In ka rikice tsakanin rabawa da ninkawa, koma wa goro. An ba ka goro 500 an ce ƙwarya nawa ce, ai rabawa za ka yi da 100. An ce ƙwarya 3 goro nawa ne, ai ninkawa za ka yi. Shi ke nan.

Ga wani gwajin. Kilo ɗaya na gishiri: 1,000 ÷ 58.5 = mol 17.1. Kilo ɗaya na sukari: 1,000 ÷ 342 = mol 2.9. Nauyi ɗaya, amma mol ɗin gishirin ya kusa ninka na sukarin sau 6. Riɗi da wake ke nan.

Mu dawo kan buhun yuriya

Ana rubuta yuriya haka: CO(NH₂)₂. Wannan ƙaramar 2 da ke wajen baka tana nufin duk abin da ke cikin bakan sau biyu ne. Saboda haka akwai kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu, haidirojin huɗu.

Kabon: 12
Oksijin: 16
Naitirojin: 2 × 14 = 28
Haidirojin: 4 × 1 = 4
Jimla: 60

Nauyin mol na yuriya 60 ne. A cikin wannan 60, abin da shuka ke nema shi ne naitirojin, wanda ke sa ganyen gero da masara da shinkafa ya yi kore shar. Naitirojin ɗin 28 ne. Mu mayar da shi kashi cikin ɗari: 28 ÷ 60 × 100 = 46.7. Ga sirrin lambar nan ya fito. Ana rubuta 46 a buhu maimakon 46.7 ne domin takin kasuwa ba ya rasa ɗan danshi da 'yan wasu abubuwa kaɗan a ciki.

Yanzu mu auna buhu sukutum. Buhun taki kilo 50 ne, wato giram 50,000. Mol ɗin yuriya: 50,000 ÷ 60 = kimanin 833. Kowane molekul na yuriya yana da naitirojin biyu, don haka mol ɗin naitirojin kimanin 1,667 ne. Mu mayar da shi giram: 1,667 × 14 = kimanin giram 23,300. Ke nan a buhu mai kilo 50, kilo 23 ne naitirojin.

Sai kamfa, wanda aka rubuta wa 15-15-15. Lambar farko ita ce ta naitirojin: kashi 15 cikin 100 na kilo 50, wato kilo 7.5. Sai ka haɗa buhun kamfa uku kafin ka kusa samun naitirojin ɗin da ke buhun yuriya ɗaya. Wannan ba ya nufin kamfa ba shi da amfani. Lambobi biyun na baya na fosfaras ne da fotasiyam, waɗanda yuriya ba ta da su ko kaɗan, shi ya sa ake rubuta mata 46-0-0. Kowanne da aikinsa, kuma shi ya sa manoma da yawa ke fara sa kamfa, daga baya su bi da yuriya.

Akwai wani takin mai suna amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄. Mu lissafa: naitirojin 2 × 14 = 28, haidirojin 8 × 1 = 8, salfa 32, oksijin 4 × 16 = 64. Jimla 132. Naitirojin ɗinsa: 28 ÷ 132 × 100 = kashi 21. A buhu mai kilo 50, kilo 10.5 ke nan.

Mu ƙaddara farashi don lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba ne. A ce buhun yuriya naira 46,000, buhun amoniyam salfet naira 30,000. Mai kallon buhu zai ce na biyun ya fi araha. Mai lissafi kuwa zai raba kuɗin da kilon naitirojin. Yuriya: 46,000 ÷ 23 = naira 2,000 a kowane kilo. Amoniyam salfet: 30,000 ÷ 10.5 = kimanin naira 2,860 a kowane kilo. In dai naitirojin manomi yake nema, mai arahar ne ya fi tsada. Gaskiyar Bahaushe da ya ce araha ba ta ado. Wannan lissafi ne da kowannenmu zai iya yi wa Baba ko Kawu kafin a tafi sayen taki, da farashin da ake ciki a ranar.

Ƙarin abu ɗaya da ya shafe mu. Idan aka watsa yuriya a saman ƙasa aka bar ta a rana, wani ɓangare na naitirojin ɗin yakan zama iskar amoniya ya tashi sama. A ƙasa mai rairayi irin ta jigayinmu kuma, ruwan sama mai yawa yakan wanke wani ɓangaren ya nutsa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Shi ya sa malaman gona ke cewa a binne ta kusa da shuka, kuma a raba ta kashi-kashi maimakon a zuba gaba ɗaya. In ba haka ba, kilo 23 aka biya kuɗinsa, amma ba shi shuka za ta ci ba.

Yadda masana'anta ke ƙirgawa

Sunan yuriya daga kalmar fitsari ya samo asali a harsunan Turai, domin a cikin fitsari aka fara gano ta. A 1828 wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya haɗa ta a ɗakin gwaje-gwaje. Ita kuwa wadda muke saye yau, naitirojin ɗinta daga iskar da muke shaƙa aka kamo shi. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma gero da dawa ba sa iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa ne ke da wasu ƙananan halittu a saiwarsu masu kamo musu shi, kuma wannan yana cikin hikimar shuka wake a tsakanin gero.

Wasu Jamusawa biyu, Fritz Haber da Carl Bosch, su ne suka gano yadda za a kamo naitirojin na iska a masana'anta, aka buɗe ta farko a Jamus a 1913. Mataki na farko shi ne yin amoniya:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Lambobin da ke gaban kowane sinadari mol suke nufi. Mol 1 na iskar naitirojin da mol 3 na iskar haidirojin suna ba da mol 2 na amoniya. A giram: 28 + 6 = 34. Mataki na biyu, a haɗa amoniya da iskar kabon:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

A giram: 34 + 44 = 78 a hagu, 60 + 18 = 78 a dama. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya faɗo daga sama.

Da wannan za mu iya sanin abin da buhu ɗaya ya ci. Mol 833 na yuriya yana buƙatar mol 1,667 na amoniya, wato kilo 28.3, da mol 833 na iskar kabon, wato kilo 36.7. Jimlarsu kilo 65. Abin da ya fito: yuriya kilo 50 da ruwa kilo 15. Shi ma 65.

A Najeriya ana yin yuriya a masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas, da ta Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022. An gina ta Ɗangote don ta iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Buhu miliyan 60 ke nan, ko mol biliyan 50. Injiniyoyin da ke aiki a can irin wannan lissafin suke yi kullum, sai dai nasu lambobin sun fi namu ƙiba.

Mol a ɗakin shan magani

Ba a gona kaɗai mol ke aiki ba. Duk mun san ƙunshin ORS, garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa yaro mai gudawa don kada ruwan jikinsa ya ƙare. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ƙunshin da aka yi domin lita ɗaya na ruwa yana ɗauke da gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, fotasiyam kulorayid giram 1.5, da wani sinadarin mai suna sodiyam sitiret giram 2.9.

Gulukos C₆H₁₂O₆ ne: 72 + 12 + 96 = 180. Mol ɗinsa: 13.5 ÷ 180 = 0.075. Gishiri: 2.6 ÷ 58.5 = mol 0.044 na sodiyam. Idan aka haɗa da sodiyam ɗin da ke cikin sitiret, jimlar takan kai kimanin 0.075. A sikeli, gulukos giram 13.5 ne, sodiyam kuwa bai kai giram 2 ba, sai ka ɗauka gulukos ya yi masa fintinkau. Amma a ƙirga kunnen doki suka yi. Gulukos ɗin yana taimaka wa hanji ya tsotsi sodiyam, ruwa kuma ya bi su ya shiga jiki.

Yanzu a ce wata ta jiƙa ƙunshin lita ɗaya a rabin lita, wai don maganin ya yi ƙarfi. Mol 0.075 a rabin lita daidai yake da mol 0.150 a lita ɗaya. Gishirin ya ninka ke nan, kuma gishiri mai yawa haɗari ne ga jariri. Don haka a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, a auna shi daidai da ruwa mai tsabta, kuma a kai yaron asibiti in gudawar ta yi tsanani. Mu da muke zuwa makaranta mu ne ya kamata mu riƙa karanta wa iyayenmu mata wannan rubutu.

Ramuka huɗu da ke cinye maki

Na ɗaya, manta mayar da kilo zuwa giram. Nauyin mol a giram yake. Wanda ya raba 50 da 60 maimakon 50,000 da 60, amsarsa ta ragu sau dubu.

Na biyu, manta lambar da ke wajen baka. Wanda ya ɗauki naitirojin ɗaya da haidirojin biyu a yuriya zai sami 44 maimakon 60, daga nan duk abin da ya biyo baya ya rushe.

Na uku, rikita atam da molekul. Atam ɗin oksijin, O, 16 ne. Iskar oksijin da muke shaƙa kuwa O₂ ce, 32. Haka N 14 ne, N₂ 28. A karanta tambaya da kyau a ga wanne ake nufi.

Na huɗu, rubuta lamba tsirara. In ka rubuta 5 ka yi shiru, mai maki bai sani ba ko giram 5 ne, ko mol 5, ko awaki 5. A rubuta ma'aunin a kowace amsa.

Gwada ƙwaƙwalwarka

1. Nemo nauyin mol na CaCO₃, dutsen da ake yin siminti da shi.
2. Mol nawa ne a cikin giram 117 na gishiri?
3. Giram nawa ne mol 0.25 na gulukos?
4. Mol nawa ne giram 1.5 na fotasiyam kulorayid, KCl, da ke cikin ƙunshin ORS?
5. Kashi nawa cikin 100 na amoniya, NH₃, ne naitirojin?
6. Atam nawa ne a cikin giram 28 na ƙarfe?
7. Malamin gona ya ce wata gona tana buƙatar kilo 69 na naitirojin. Buhun yuriya nawa za a saya?

A rubuta amsa a falle ɗaya tare da suna da aji, a nuna yadda aka yi lissafin mataki-mataki, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba, da sunayen waɗanda suka ci duka bakwai. 'Yan aji ɗaya da aji biyu, kada ku ce ba da ku ake ba, wanda ya iya rabawa da ninkawa ya iya mol. Yayyenmu na babbar sakandare kuma, a bar kalkuleta a aljihu a tambaya ta ɗaya da ta biyu, muna kallonku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.